Farin Allo, Ruwan Toka Ko Mai Korar Haske: Zaɓen Allon Majigi Da Fitilun Ɗakin Kallo

Majigi ba ya harba baƙi. Duk inda ka ga baƙi a cikin hoto, wurin da majigin bai haska ba ne, kuma abin da idonka ke gani a wurin shi ne launin allon kansa a cikin hasken da ke ɗakin. In allon fari ne kuma akwai fitila a kunne, baƙinka farin ƙyalle ne da ya ɗan dushe. Shi ya sa ba a raba zaɓen allo da zaɓen fitilu, kuma ɗakin ake fara dubawa kafin a dubi allon.

Lissafi ɗaya ya isa ya nuna girman matsalar. A gidajen sinima na dijital, farin hoto yana kai nit 48, nit kuwa shi ne ma'aunin hasken da ke tasowa daga fuskar allo. Majigin da tazarar farinsa da baƙinsa ta kai 5,000 da 1 zai ba da baƙi na kusan nit 0.01 a cikin duhu sosai. To, a ce luks 5 kacal na hasken ɗaki (luks shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan wuri) ya sauka a kan farin allo, wato abin da ƙaramar fitila a lungu ko ƙofar da aka bari a buɗe ke iya kawowa. Ana raba luks da 3.14 a sami nit, sai ya zama an ɗora nit 1.6 a kan komai, fari da baƙi. Farin bai ji komai ba, ya tashi daga 48 zuwa 49.6. Baƙin kuwa ya ninka fiye da sau 150, tazarar ta faɗo daga 5,000 da 1 zuwa kusan 30 da 1. Ko luks 1 ne ya sauka, ba za ta wuce 150 da 1 ba. Majigi mai kyau da maras kyau duk kamarsu ɗaya a irin wannan ɗaki.

Girman allo da wurin zama

Da inci ake sayar da allo, daga kusurwa zuwa kusurwa, amma faɗinsa ake aiki da shi. A siffar 16:9, mai inci 100 faɗinsa santimita 221 ne, tsayinsa 125. Mai inci 120 kuwa 266 da 149, mai inci 150 kuma 332 da 187.

Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE ta ba da shawarar kada faɗin allo ya gaza cika digiri 30 na ganin mai kallo, kamfanin THX mai tantance ɗakunan sinima kuma ya fi son 36 zuwa 40. A aikace sai ka ninka faɗin allo da 1.9 ka sami nisan da zai ba da digiri 30, da 1.5 na digiri 36, da 1.4 na digiri 40. Ga allon inci 120, hakan ya kama kusan mita 5, mita 4 da mita 3.7. Mai kallon fim zai fi jin daɗin mita 3.7 zuwa 4. Wanda ƙwallo ce ta fi yawa a kallonsa, ko yana karanta fassarar da ke ƙasan hoto, gara ya ɗan ja baya, don yawo da ido daga gefe zuwa gefe yana gajiyarwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rataye allo sama kamar hoton ado. Idon wanda ke zaune a kujera yana wajen santimita 105 zuwa 115 daga ƙasa, kuma ana so ya daidaita da kashi ɗaya cikin uku na tsayin allon in an auna daga ƙasansa. Ga inci 120, ƙasan hoton zai fara a wajen santimita 60, samansa ya ƙare a 209. Auna silin ɗinka tukuna, ka bar wa firam wuri. In saman hoton ya sa kana ɗaga ido fiye da digiri 15, wuya za ta faɗa maka kafin fim ya kai rabi.

Batun siffa ba ya buƙatar doguwar magana. Yawancin majigai 16:9 ne, allon ma ya zama haka. Fim mai siffar 2.39:1 zai bar baƙin layi na kusan santimita 19 sama da ƙasa a allon inci 120, kuma a ɗaki mai duhu ba ya damun kowa. Allo mai faɗin sinima sai ga wanda majiginsa ke iya tuna saitin zuƙowa ya sauya da kansa, kuma ya san cewa a allo mai faɗin mita 3, shirin talabijin zai koma kamar inci 101 da fili a gefe biyu.

Ko majigin zai iya cika shi

Ninka lumen na majigi, wato ma'aunin hasken da yake fitarwa, da lambar maido hasken allo (1.0 ce ga farin allo maras sheƙi), ka raba da 3.14, ka sake rabawa da faɗin fuskar allon a murabba'in mita. Inci 100 murabba'in mita 2.76 ne, inci 120 kuwa 3.97, inci 150 kuma 6.2. Majigin da ke ba da lumen 1,000 na gaskiya zai ba da nit 115 a farin allon inci 100, nit 80 a inci 120, nit 51 a inci 150. An ce na gaskiya ne domin lambar da ke jikin kwali ta saitin da ya fi haske ce, wanda hotonsa ke yin kore-kore. Da zarar an koma saitin sinima mai launi daidai, wani lokaci kusan rabi ke tafiya. Ƙwan majigi kuma yana dushewa da tsufa, har ya kai rabin haskensa a ƙarshen rayuwarsa. Mai leza ya fi jurewa, galibi ana ba shi awa 20,000 kafin ya kai nan.

Ga hoto na yau da kullum a cikin duhu, nit 50 ya wadatar. HDR, wato tsarin hoto mai faɗin tazara tsakanin haske da duhu, yana son ninki biyu na haka (ɗakunan Dolby Cinema suna kaiwa nit 108). Saboda haka wanda ke da lumen 1,000 kuma yana son HDR, inci 100 zuwa 110 ne nasa, komai girman bangon.

Fuskar allo: nan ne zaɓin yake

Lambar maido haske, wadda masu ƙerawa ke rubutawa da sunan gain, tana kwatanta allo da farin fili maras sheƙi wanda aka ba lamba 1.0. Allo ba ya ƙirƙirar haske. Mai lamba 1.5 ya tattaro hasken da zai tafi gefe ne ya turo tsakiya, wanda ke tsakiya ya samu, na gefe ya rasa. Akwai lamba ta biyu da ake yawan ɓoyewa a ƙasan takarda, wato kusurwar da haske ke faɗuwa zuwa rabi. In kujerunka suna da faɗi, ta fi ta farko muhimmanci.

Farin allo maras sheƙi, mai lamba 1.0 zuwa 1.3, shi ne ma'auni. Launinsa daidai ne, haskensa ɗaya daga tsakiya har gefe, ba ya ƙyalli, kuma ba ruwansa da inda aka ajiye majigi. Aibinsa shi ne ba ya zaɓe, duk hasken da ya zo masa daga ko'ina maido shi yake yi, kuma yana watsa hasken majigin zuwa silin da bango, su kuma su dawo masa da shi. A ɗakin da za a iya rufe tagoginsa a duhunta bangonsa, babu abin da ya kai shi. Wannan ba wai don ya fi sauƙin samu ba ne, hotonsa ne ya fi tsabta.

Ruwan toka mai lamba 0.8 ana yawan yi masa mummunar fahimta. Yana rage fari da baƙi daidai wa daida, don haka in taga ce ke zuba haske a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canja ba, hoton ne kawai ya ƙara duhu. Inda yake taimakawa shi ne hasken da ke kaiwa da komowa tsakanin allo da bango: ya rage shi wajen fita, ya sake rage shi wajen dawowa. To ka ga wurinsa shi ne ɗakin da ake kashe fitilu amma bangonsa da silin farare ne kuma ba a son canja fenti. Sharaɗinsa majigi mai rarar haske, don kashi 20 cikin 100 ya tafi tun kafin a fara.

Sai allo mai korar hasken ɗaki, wanda aka fi sani da ALR. Shi ba da launi yake aiki ba, da kusurwa yake yi. Iri biyu ne manya, kuma ba sa musanyar majigi.

Na farko na majigin da ke nesa ne, rataye a silin ko a bayan kujeru. Yana aiki kamar madubi mai dishi-dishi, hasken da ya sauko daga majigin ya karkata zuwa idon na zaune, wanda ya fito daga gefe kuma ya wuce ta ɗaya gefen. Yana buƙatar nisa. Yawancin masu yin sa suna neman majigi ya kasance aƙalla ninki 1.5 na faɗin allon, wato mita 4 ga inci 120. In aka matso kusa, tsakiya ta yi haske, kusurwoyi su dushe, kuma ba saitin da zai gyara. Abin da ba ya iya korewa shi ne hasken da ya fito daga inda majigin yake. Taga a bayan masu kallo, a wurinsa ita ma majigi ce.

Na biyu na majigin da ke zama a gindin bango ne, wanda ake kira UST, mai harba hoton inci 100 daga kusan rabin mita. Fuskar allonsa ƙananan tudu ne a jere a kwance kamar haƙoran zarto. Saman kowane haƙori baƙi ne, yana shanye hasken silin, ƙasansa kuma mai haske ne, yana karɓar na majigin daga ƙasa ya miƙo gaba. Lambarsa takan tsaya tsakanin 0.4 da 0.6, kada wannan ya tsorata ka, aikinsa ke nan. Ya ƙware a kan fitilar sama, ƙarfinsa a kan taga ta gefe kaɗan ne, kuma hasken da ya faɗo a farin tayil ya taso daga ƙasa shiga yake yi kamar na majigi. Yana da sama da ƙasa, in aka kifa shi hoton kusan ɓacewa yake yi, haka ma in aka haɗa shi da majigin silin. Akwai ɗan'uwansa mai zane da'ira-da'ira, na Fresnel, wanda ya fi haske kuma ya fi tare hasken gefe, sai dai wanda ya zauna can gefe zai ga hoton ya dushe.

Duk ALR akwai abin da ake biya. Wasu suna ƙyalli kamar an barbaɗa yashi a wurare masu fari, musamman sararin sama ko dusar ƙanƙara. Majigi mai leza kala uku yakan ƙara fito da wannan ƙyallin a allo mai babbar lamba. Wasu kuma suna ɗan jan launi zuwa shuɗi. Goge su ma sai da hankali, mai haƙoran zarto ana bin layinsa ne daga hagu zuwa dama da burushi mai laushi, in aka dirje shi tabon ya zauna ke nan. Hukuncin a nan a fili yake: falon da ake zama da rana, ALR ne ko kuma babbar talabijin. Ɗakin da aka keɓe don kallo, farin allo da fenti mai duhu sun fi ALR a farin ɗaki.

Fentin bango a madadin allo yana yiwuwa in bangon ya yi sumul, amma duk wani tudu ko sawun burushi zai fito a hoto mai haske. Da UST kuwa kada ma a fara, domin hasken yana zuwa ne daga ƙasa a karkace, lanƙwasar milimita biyu sai ta karya layin da ya kamata ya miƙe.

Kafaffe ko mai naɗewa

Kafaffen firam shi ne ya fi shimfiɗuwa, ba shi da mota balle ta lalace, kuma gefensa na baƙin karammiski mai faɗin santimita 5 zuwa 10 yana shanye ɗan hoton da ya zarce. Wajen ɗaure ƙyallen a fara da tsakiyar kowane gefe, a riƙa yin gefe da kishiyarsa, a ƙare da kusurwoyi. In aka bi gefe ɗaya har ƙarshe, tattara za ta taru a kusurwa. Mai ja da hannu shi ne ya fi saurin lalacewa, gefensa na naɗowa ciki, tsakiyarsa ta yi igiyar ruwa, kuma za ka gane haka duk lokacin da kyamara ta zagaya a hankali. In dole sai mai naɗewa, a nemi mai mota wanda igiya ke ɗaure da gefensa biyu tana ja. Ko wanne ne, a fara kafa majigi, a haska hoton a bango, a yi alama, sannan a huda. Gyaran karkata na cikin saitin majigi yana cin ingancin hoto, gara a motsa gilashin majigin ko shi kansa.

Mai son sa lasifika a bayan allo, don murya ta fito daga bakin mai magana, yana da zaɓi biyu. Saƙaƙƙen ƙyalle yana barin sauti ya wuce da asarar desibel 1 zuwa 2, kuma lasifika na iya matsowa kusa da shi. Roba mai ƙananan huji ta fi riƙe haske amma tana danne siririn sauti, tana son tazarar kusan santimita 30 daga lasifika, kuma wanda ya zauna ƙasa da mita 3 yana iya hango hujin. Duka biyun suna zubar da haske ta baya, don haka a sa baƙin ƙyalle a bayansu, a kuma baƙanta bangon.

Bango, silin da fitilu

Farin fenti yana maido kashi 80 ko fiye na hasken da ya same shi, toka mai duhu kuwa wajen kashi 10. Ba sai an mai da ɗakin kogo ba. Mita ɗaya da rabi zuwa biyu na farko daga allon, a silin da bangon gefe biyu da ƙasa, su ne ke yin mafi yawan ɓarnar, silin kuma shi ne kan gaba in allon ya matso shi. Fentin ya zama maras sheƙi, domin baƙi mai sheƙi madubi ne. Launin ya zama toka ko baƙi tsantsa. Jan bango yana da kyau a ido, amma zai shafa wa fararen wurare ja. Kafet mai duhu a gaban allo, labule mai tare haske da ya zarce taga da santimita 15 zuwa 20 kowane gefe, da abin toshe ƙasan ƙofa, sun gama da hasken waje.

Fitilu kuma a raba su layi uku, kowane da makunninsa. Layin farko na shiga da shara ne, mai haske sosai, ana kashe shi gaba ɗaya lokacin kallo. Na biyu na kan kujeru ne. Na uku na ƙasa ne, don a ga hanya.

A layi na biyu ne ake bambanta mai kyau da maras kyau. Faffaɗar fitilar silin ko ƙwai tsirara suna watsa haske ko'ina, har kan allo. Abin da ake so shi ne fitilar da ta nutse cikin silin, mai baƙin baki, mai siririn haske na digiri 25 zuwa 40, tana kallon ƙasa daidai kan kujera. Kada a sa ko ɗaya a cikin mita ɗaya da rabi daga allon, kada kuma ta faɗo a saman fanka, in ba haka ba ɗakin zai riƙa walƙiya. Fitilun jikin bango suna ƙawata ɗaki, amma sai masu rufaffiyar fuska da ke zuba haske ƙasa, kuma can baya. Masu harbawa sama suna haska silin, silin ya haska allo. Launin haske ya zama mai ɗumi, kelbin 2,700 zuwa 3,000 a ma'aunin launin haske, da lambar CRI, wadda ke nuna yadda fitila ke fito da launin abubuwa daidai, 90 ko fiye. Fitilar bayan allo mai kelbin 6,500 da ake sa wa talabijin ba ta da aiki a nan. An yi ta ne don sauƙaƙa wa ido zafin hasken talabijin, majigi kuwa ba shi da wannan zafin, abin da za ta yi kawai shi ne haska ɗakin.

Makunnin rage haske shi ne ya fi ba mutane ciwon kai. Da yawa daga cikin tsofaffin an yi su ne don ƙwai mai zare, kuma suna buƙatar nauyin wuta na wat 40 ko makamancin haka kafin su yi aiki daidai. Ƙwan LED shida masu wat 5 wat 30 ne kacal, sai ka ji ƙara, ka ga kyafkyafta, ko fitilar ta mutu farat ɗaya a kashi 20. Abu uku za a duba: ƙwan ya zama an rubuta ana iya rage shi, makunnin ya zama na LED, kuma su biyun su iya sauka zuwa kashi 1. Kashi 10 da ake gani kamar kaɗan ne, a idon da ya saba da duhu haske ne mai yawa. Haɗin layin wutar gida kuwa aikin mai gyaran wuta ne.

Ga layin ƙasa, zaren LED ya fi dacewa, a ɓoye shi a ƙarƙashin leɓen matakala ko gindin kujera yana kallon ƙasa, yadda ido ba zai ga ƙwayoyin ba. Mai wat 4.8 a kowace mita ya isa har ya yi yawa. Mita 5 wat 24 ke nan, a ba shi tiransifoma mai wat 30 don a bar rarar kashi 20. Mai bolt 12 yana fara dushewa a ƙarshe in ya wuce mita 5, mai bolt 24 yana kaiwa wajen mita 10, in ya fi haka a shigar masa da wuta ta kai biyu. Ƙananan fitilun jikin na'urori, shuɗi da kore, a rufe su da baƙin salatif.

Kafin a yanke shawara a kan allo, a nemi ƙyallayen gwaji daga masu sayarwa, fari da toka da ALR, a manna su a bango wuri ɗaya a tsakiya, sannan a mayar da su kusurwa. A kalle su daga kujerar tsakiya da ta gefe, da rana da dare, da hoto mai fari sosai da mai duhu sosai. Ƙaramin ƙyalle ba zai nuna hasken tsakiya da dushewar gefe da kansa ba, shi ya sa ake motsa shi. Fitilu kuma gwajinsu ya fi sauƙi. Kashe majigin, kunna layin da kake son bari lokacin kallo, ka jira minti biyar ido ya saba, sannan ka ɗaga hannu taƙi ɗaya daga fuskar allon. In ka ga inuwar hannunka, bi ta ka gano fitilar da ta jefa ta, ka juya ta ko ka mayar da ita layin farko.